Zumar Tanimu

A ƙuryar ɗakin ƙasa na bayan gidanmu a Kusfa,
inda rana ba ta shiga sai ta yi sallama,
na jera kwalabe goma sha ɗaya a kan katako.
Kowace da tsumman atamfa a wuya,
kowace da shekararta, na rubuta da alli.
Allin ya goge. Hancina bai manta ba.

Duk na Tanimu ne, mutumin gindin Kufena,
mai amya arba'in a kan ɗorawa da kaɗanya.
Ba ya ɗora ta a wuta,
ba ya yi mata ƙari da sukarin kanti.
Yadda ƙuda ya bar ta haka yake matso ta,
da guntun kaki, wata rana har da fiffike.
In ka yi ƙorafi sai ya ce,
"Shaidarka ke nan, Malam, kada ka yar."

Ta shekarar da ruwa ya kayar mana da katanga
baƙa ce wuluk, mai nauyi, tana zuba a hankali
kamar dattijon da ba ya son a katse shi.
Sai ta wuce maƙogwaro
ɗacin darbejiya yake ɗaga murya daga baya.
Ta shekarar da aka yaye Talatu ta daskare fari fat,
sai an kankaro ta da cokali;
ƙamshin furen mangwaro ne, da ɗan hayaƙin kara
na daren da aka hau bishiyar.

Akwai wadda na yi wa gaggawa.
Ya ce ba ta nuna ba, saƙar ba ta rufe ba.
Na ce kuɗina ne.
Tsakar dare, cikin zafin bazara,
ta yi kumfa, ta harba murfi har rufin azara,
tururuwa suka yi kwana uku suna biki.
Ban gaya masa ba. Ya dai gani a fuskata.

Ladidi takan tsaya a bakin ƙofa ta ce,
"Mutane na tara takardun fili,
kai kana gadin abin lasa.
Wa kake jira?"
Ban taɓa samun amsar da ta ishe ta ba.

Bara likita a Shika ya duba jinina,
ya cire tabarau, ya yanka mini iyaka:
bakin cokali, shi ma ba kullum ba.
Tun daga nan nakan shiga in zauna kawai,
in ɗaga kwalba saitin ƴar tagar,
in kalli hasken yana neman hanya a cikinta.

Talatar nan Tanimu ya zo da la'asar.
Babu galan a bayan kekensa.
Gwiwa ta hana shi hawa, in ji shi,
an yi feshi a gonakin tumatir,
amya bakwai sun yi tsit rana ɗaya,
ɗansa kuma ya fi son jan fasinja a Samaru.
Ya faɗa yana kallon takalminsa
kamar shi ya yi laifin.

Na shiga ƙurya na ɗauko ta farkon layi,
wadda ta girmi jikana.
Murfin ya ƙi. Muka sa ƙarfi mu biyu.
Ladidi ta kawo gurasa mai ɗumi, ba ta ce komai ba.

Ya lakata, ya rufe ido, ya daɗe.
"Ɗorawar bakin rafi ce wannan," ya ce.
"An yi gawayi da ita shekara shida ke nan."

Na lasa nawa bakin cokalin,
na ƙara na biyu a kan saɓa wa likita.
Aka kira magariba a masallacin unguwa,
muka tashi da ɗanƙo a yatsu.

Saura goma.